Wa Zai Tsare Mata Tebur?

A Old Fadama, unguwar katako da kwano da ke bakin tafkin Korle a Accra, sai an yi da gaske ake samun wurin sa ƙafa. Ƙidayar da mazauna suka yi wa kansu a 2009 ta samu mutum kusan 80,000, yawancinsu 'yan arewacin Ghana, wasu tun rikicin Konkomba da Nanumba na 1994 suke nan. Duk da wannan cunkoso, a tambayi mai koko da ƙosai da ke hura wuta kafin assalatu: ran da zazzaɓi ya kwantar da ita, wa zai tsare mata tebur? Ita ce mai jari, ita ce 'yar aike, ita ce mai bin bashi. In jarin ya karye, sai ta bar wa cikinta, domin maƙwabciyar da za ta kai wa kuka ita ma kokon take sayarwa.

Zango na da ya san maganin wannan. Bafatake in ya sauka da kaya, akwai maigidan da zai ba shi masauki, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in bashi ya maƙale. Da irin wannan karɓar baƙo Sabon Zango na Malam Baƙo da Nima ta Malam Futa suka cika. Amma 'yan mata masu dako da ake kira kayayei, sunan da aka haɗa daga "kaya" na Hausa da kalmar yaren Ga mai nufin mata, ba su tarar da maigida ba. Ɗaki ɗaya suke kamawa su da yawa, har wanka sai sun biya.

Adashi ne ya toshe giɓin, wanda a Ghana ake ce wa susu. Mai susu kullum sai ya zagayo ya karɓi zubi, in wata ya ƙare ya riƙe na rana ɗaya ladansa. A lissafi asara ce, tunda ka ba da ajiya kuma ka biya. Ni dai ina ganin ladan ya halatta, don shi ne zai fara lura in kwana biyu teburin ba kowa. Adashin ƙungiya ya fi haka nisa: 'yan zubi su ne 'yan suna, su ne 'yan zaman makoki, kuma ƙungiyoyin ajiya na talakawan birni, tare da ƙungiyar People's Dialogue, su suka yi waccan ƙidayar da unguwar ta kare kanta da ita gaban hukuma.

Samarin unguwannin Nima da Maamobi kuwa suna da majalisar ataya. Dattawa kan kira ta zaman kashe wando, alhali a nan mai gyaran waya ke jin inda aiki ya faɗo.

Tun da MTN ta kawo MoMo a 2009, zubi na iya wucewa ta waya ba ko sallama. Sauƙi ne, ba musu. Wanda ya fi ciwo shi ne rusau. A Yulin 2021 hukuma ta kwashe 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, can bayan gari, ta kuma share filin 'yan gwangwan. Mai abincin da ta shekara goma tana ba su bashin shinkafa da wake (waakye) ta wayi gari da tukunya a cike, ga sunaye a littafin bashi, masu sunayen kuwa sai ta hau mota kafin ta gan su.