Yaranmu da Bindigar Cikin Allo

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin zai leƙa gidan kallo da wayar hannu, mu ga abin da yaranmu ke kwasowa.

A 1961, masani Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya sa yara suka kalli wani babba yana jibgar 'yar tsana. Da aka bar su da ita, suka yi mata irin wannan duka. A 1963 ya maimaita gwajin da fim, sakamakon bai sauya ba. Yaro da ido yake koyo.

To, ɗan Zamfara nauyinsa biyu ne. Harbin da yake gani a fim ɗin Indiya mai fassara, ya ji na gaske da kunnensa, ko ya ji labarinsa a gida. A Satumban 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Fim bai kawo mana wannan masifa ba. Illarsa ita ce yana nuna wa yaro cewa mai bindiga ake tsoro, shi ke da kuɗi, shi ake tafa wa. Wani yaron ya koma cin zalin ƙanne, wani ya dinga firgita cikin barci, wani kuma jini ya daina ba shi tsoro.

A Agustan 2022, hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 kan wani shiri game da 'yan bindiga. Amma tara ba ta isa ga bidiyon da ake turawa ta WhatsApp da TikTok, balle katin memori da ke yawo hannu-hannu. Wannan gadin na gida ne.

Iyaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo kullum. Ku zauna ku kalla tare, ku tambayi yaro: wanda aka harba ɗin nan, wa zai ciyar da 'ya'yansa? Masu gidajen kallo, ku ware lokacin yara. Masu tura bidiyon gawa, ku ji tsoron Allah.

Sai mako mai zuwa. A huta lafiya.