KUNDAYEN BINCIKE NA JAMI'O'INMU: INA SUKE ZUWA BAYAN AN BA DA DIGIRI?

Daga Wakilinmu

Kowace shekara, idan lokacin bikin yaye ɗalibai ya yi, jami'o'in ƙasar nan sukan ba dubban mutane digiri na biyu da na uku. Babu ɗaya daga cikinsu da zai sa rigar biki sai ya rubuta kundin bincike, ya kare shi a gaban malamai, cikinsu har da mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a. Bayan haka sai a ɗinke kundin da bango mai kauri, a buga sunan mai shi da ruwan zinariya, a kai kofe ɗaya sashensa, ɗaya ɗakin karatu. Duk wanda ya taɓa shiga sashen ajiyar kundaye na Laburaren Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko makamancinsa a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ya san yawan abin da ake magana a kai. Abin tambaya shi ne, daga cikin waɗannan kundaye nawa ne suka taɓa fita daga kanta suka isa teburin wani babban sakatare, ko gonar wani manomi, ko ajin wani malamin firamare?

Misali guda ya isa ya nuna girman matsalar. Marigayi Dokta Mahmud Modibbo Tukur ya kammala kundinsa na digiri na uku a Zariya cikin 1979, a kan yadda Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a Daular Sakkwato da Barno da maƙwabtansu, har da yadda suka tsara haraji. Masana tarihi sun daɗe suna yaba aikin, amma bai fito a matsayin littafi ba sai a 2016, watau shekara 37 bayan rubuta shi, shekara 28 kuma bayan rasuwar marubucin. To, idan aikin da ya yi suna haka ya yi wannan dogon jira, ina ga na ɗalibin da ba wanda ya san shi?

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Yawancin masu neman waɗannan digirori ma'aikata ne masu iyali, waɗanda suke biyan kuɗin makaranta da na zirga-zirga daga albashinsu, wasu kuma gwamnati ce take ba su hutun karatu da cikakken albashi. Ashe ke nan dukiyar jama'a ce ake zubawa. Domin a ga abin da bincike yake iya yi idan an bi da shi yadda ya kamata, bari mu duba misalai uku, ɗaya daga fannin tsimi da tanadi, ɗaya daga fasaha, ɗaya kuma daga ilmi.

MANOMI YA FI LITTAFI GASKIYA

Tashar binciken aikin gona ta Samaru ta samo asali tun 1922, kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa jami'ar a 1962. A wancan zamani malaman gona sun fi karkata ga koya wa manomi ya shuka iri ɗaya a gona ɗaya, kamar yadda ake yi a Turai. Haɗa gero da dawa da wake a fili guda, wanda manoman Hausa suka gada kaka da kakanni, ana yi masa kallon alamar rashin wayewa.

Cikin 1965 wani masanin tsimi da tanadi mai suna David Norman ya kama aiki a Samaru. Shi da abokan aikinsa suka zaɓi ƙauyuka uku a Lardin Zazzau: Hanwa da ke gab da gari, Doka da ke bakin babbar hanya, da Ɗan Mahawayi da ke can ciki. Daga 1966 zuwa 1967 malaman ƙidaya suka riƙa ziyartar gidaje a kai a kai, suna rubuta awa nawa aka yi a gona, wa ya yi aikin, me aka shuka, me aka girbe, nawa aka sayar.

Da aka zauna aka yi lissafi, sai ta bayyana cewa manomi ya san abin da yake yi. Gonar da aka haɗa iri-iri ta fi ba da riba a kowace eka, kuma ta fi tsare mai ita daga hasara, domin in gero ya ƙi, dawa ko wake za su rufa asiri. Har wa yau binciken ya nuna cewa babban abin da yake ɗaure manomi shi ne ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman farko da maimai, saboda haka duk wata sabuwar dabara da za ta ƙara masa aiki a waɗannan makonni ba zai karɓe ta ba, kome kyanta a takarda. Wannan aiki na Zariya yana daga cikin waɗanda suka sa masana a ƙasashe da dama suka koma fara bincike daga gonar manomi kafin su ba shi shawara. Abin lura a nan shi ne, ba a zauna a ofis an tsara amsa ba. An je an zauna da mutane shekara guda cur.

BUHUN WAKE

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Jumhuriyar Nijar tana biye da ita. Amma kowane manomi da kowane ɗan kasuwa a Dawanau ya san cewa ƙwaro yakan huda wake cikin 'yan watanni. Wannan ne yake tilasta wa manomi sayarwa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, ko kuma ya zuba maganin ƙwari a cikin buhu. Illar hanya ta biyu ta fito fili a 2015, sa'ad da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan guba da aka samu a cikinsa.

Tun a ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Larry Murdock, tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, suka gwada wata dabara mai sauƙi. Ana zuba wake a cikin leda mai kauri, a ɗaure, a sa ta cikin leda ta biyu, a ɗaure, sa'an nan a sa duka cikin buhun saƙa. Ƙwarin da ke ciki sukan shaƙe ɗan iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba.

Dabarar ta yi aiki a ɗakin gwaji, amma ta shafe shekaru ba ta yaɗu sosai ba. Sai a 2007, da aka sami tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka fitar da ita da sunan buhun PICS. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta Nijar da ke Maraɗi suka ƙara gwada buhun, masana'antu a Kano da wasu garuruwa suka shiga ƙera shi, malaman gona kuma suka bi dubban ƙauyuka a ƙasashe 10. A kowane ƙauye akan ɗaure buhu a gaban jama'a da kaka, a dawo bayan watanni a kwance shi a gabansu, kowa ya gani da idonsa. Masu nazarin tattalin arziki, cikinsu har da ɗalibai masu neman manyan digiri, su ne suka auna ribar da manomi zai samu da farashin da zai iya biya. Darasin a bayyane yake: kusan shekara 20 ne tsakanin gano dabarar da isarta kasuwa, kuma abin da ya cike giɓin shi ne haɗuwar masanin ƙwari da masanin tsimi da mai masana'anta da malamin gona.

Samaru ma ba a bar ta a baya ba. A Disamba 1919 babu wanda zai yi mafarkin haka, amma a Disamba 2019 aka amince da irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda yake jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, bayan aikin shekaru da Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranta.

BINCIKEN DA AKA YI, AKA AJIYE

Misali na uku ya nuna ɗaya gefen al'amarin. Cikin 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya fara wani gwaji a wata makarantar firamare da ke Modakeke. Aka koyar da wani rukuni na yara dukan darussa da Yarbanci har tsawon shekara shida, Ingilishi yana matsayin darasi guda. Wani rukunin kuma aka bi da shi ta hanyar da aka saba, watau a koma Ingilishi bayan 'yan shekarun farko. Da aka gwada su, yaran rukunin farko ba su gaza 'yan'uwansu ba, a darussa da dama ma sun fi su, kuma Ingilishinsu bai yi rauni ba.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, amma ba a tanadi isassun littattafai da malamai ba. Shi kansa Fafunwa ya riƙe muƙamin Ministan Ilmi daga 1990 zuwa 1992. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukan shekaru shida na firamare, sa'an nan a Nuwamba 2025 aka ba da sanarwar janye wannan manufa aka koma Ingilishi. Kome ra'ayin mutum game da wannan mataki, abu ɗaya ya tabbata: shekara 50 da wani abu bayan gwajin Ife, ana ta kai da kawowa, alhali kuwa sassan ilmi na jami'o'inmu cike suke da kundaye a kan yadda yaran Hausa da Fulani da Barebari suke koyon karatu. Ya kamata a ce waɗannan kundaye ne ake bajewa a kan tebur duk lokacin da za a yanke irin wannan shawara.

BATUN KUƊI

Ba za a ce ba a yi wani tanadi ba. Bayan yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i, aka kafa dokar harajin ilmi a 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka mai da asusun ya zama na manyan makarantu kaɗai, wanda aka fi sani da TETFund, kuma ta hannunsa malamai da yawa suka sami damar yin digiri na biyu da na uku a gida da waje. Amma tun a Shirin Ikko na 1980 ƙasashen Afirka suka ɗaukar wa kansu burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan kimiyya da bincike, Nijeriya kuwa ba ta kai ga wannan adadi ba, alhali Koriya ta Kudu tana kashe fiye da kashi 4.

Duk da haka kuɗi ba su ne dukan ciwon ba. Akwai ɗalibin da yake zaɓen batu domin ya ga an riga an yi irinsa, sai ya sauya sunan ƙaramar hukuma kawai. Akwai malami guda da aka ɗora wa ɗalibai fiye da ƙima, babi ya yi watanni a kan teburinsa. Akwai yajin aiki, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, wanda yakan kashe gwajin da aka fara a gona ko a ɗakin gwaji. Akwai kuma ma'aikatun da ɗalibi zai yi ta sintiri yana neman alƙaluma a hana shi, sa'an nan ma'aikatar ta ɗauko ɗan kwangila ta biya shi makudan kuɗi ya binciko abin da ɗalibin zai yi mata kusan kyauta.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Kowace ma'aikata tana da sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga. Babu abin da zai hana wannan sashe ya rubuta jerin matsaloli goma da suka dami ma'aikatar a farkon kowace shekarar karatu, ya aika wa makarantar manyan digiri ta jami'ar da ke kusa. Ma'aikacin da aka ba hutun karatu kuwa, ya kyautu a nemi ya ɗauki batunsa daga wannan jeri, in ya dawo ya gabatar da sakamakon a gaban shugabanninsa kafin a sa takardarsa cikin fayil.

Jami'o'i su ma suna da nasu. Ya dace a wajabta wa kowane ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen bayani na shafi biyu cikin Hausa ko harshen mutanen da ya yi bincike a cikinsu, a ba gidajen rediyo da malaman gona da shugabannin makarantu. Manomin da ya ba da lokacinsa ya amsa tambayoyi yana da hakkin ya ji abin da aka gano. Haka kuma a sa kundayen a intanet, domin ɗalibin Maiduguri ya san abin da aka riga aka yi a Sakkwato, kada ya maimaita.

Su kuma ɗalibai, kafin mutum ya kai wa malaminsa take, ya tambayi kansa wane ne zai amfana da amsar, kuma ta wace hanya za ta isa gare shi. In ya kasa ambata ko mutum ɗaya, gara ya koma kasuwa ko gona ko aji ya sake dubawa, domin matsalolin da suke jiran bincike suna can birjik.