Fuloroskofi: Na'urar da ke Nuna Cikin Jiki Yana Motsi

Mai babur ya karye a cinya, an shiga da shi ɗakin tiyata. Likitan ƙashi zai zura dogon ƙarfe cikin ɓargo don ya haɗe karayar, ba tare da ya tsaga cinyar duka ba. Sai a turo wata na'ura mai siffar harafin C, cinyar na tsakiyarta. Da likita ya taka feda, ƙashin zai bayyana a allo, ana kallon ƙarfen yana shiga sannu a hankali. Wannan shi ake kira fuloroskofi. Hoton eksire da aka saba da shi ɗauka ɗaya ne, tsayayye. Wannan kuwa mai motsi ne, yana kaiwa hoto 30 a daƙiƙa guda.

A baki ɗaya na na'urar akwai kwalbar da ke fitar da hasken eksire, a ɗaya bakin kuma akwai makarɓin hasken. Ƙashi da ƙarfe suna tare shi, tsoka da iska kuwa sun fi barinsa ya wuce, sai inuwar da ta faɗa kan makarɓi ta zama hoto. Hanji da jijiyoyin jini ba su da inuwar kirki, shi ya sa ake ba marar lafiya ruwan bariyom ya sha, ko a yi masa allurar ruwa mai sinadarin aidin. Haka ake gwajin HSG, wanda matan da ke neman haihuwa suka sani: a tura ruwan cikin mahaifa, a ga ko ya bi hanyoyin ƙwai ya fita ko kuwa a toshe suke.

Tun farko matsalar ɗaya ce: yaya za a sami hoto mai kyau ba tare da an dulmiyar da mutum cikin hasken da ke cutarwa ba? Wilhelm Röntgen ya gano eksire a Jamus a watan Nuwamba 1895. Shekara na zagayowa, Thomas Edison a Amurka ya ƙera allo mai walƙiya da ake leƙawa kai tsaye. Mataimakinsa Clarence Dally, wanda ya riƙa gwaji da hannuwansa, ya rasa su duka biyu, kuma cutar kansa ta kashe shi a 1904. Ga haɗari, ga kuma hoton dishi-dishi. Sai likita ya zauna cikin duhu na mintuna kafin idonsa ya iya gani, har aka ƙirƙiro jan tabarau da yake sawa kafin ya shiga aiki.

Sauƙi ya zo a 1948, lokacin da John Coltman na kamfanin Westinghouse ya fito da na'urar ƙara hasken hoto. Kwalba ce marar iska, mai faɗin baki kamar bokiti. A bakinta akwai shafen sinadari, a yau siziyom ayodaid, da ke mai da eksire haske irin wanda ido ke gani. Hasken ya bugi wani shafe na biyu, ya saki ilektiron. Wutar lantarki mai ƙarfin bolt dubu 25 zuwa sama ta fizge su da gudu, ta matse su a kan ɗan ƙaramin allo mai faɗin santimita biyu da rabi. Gudun da matsewar su ke ninka hasken sau dubbai, sannan kyamara ta ɗauka ta kai allon kallo.

Amma kwalbar na da nata aibi. Da yake bakinta a lanƙwashe yake, layin da ke miƙe yakan karkace a gefen hoto, kuma gefen ya fi tsakiya duhu. Har maganaɗisun ƙasa yana jan ilektiron ɗin, ya murɗe hoton idan an juya na'urar. Ga nauyi, ga tare wuri, kuma haskenta na raguwa da tsufa.

Wajen shekarar 2000 aka fara ganin shimfiɗaɗɗen makarɓi, faifai mai kusurwa huɗu ɗauke da miliyoyin ɗigogi, kowane yana auna abin da ya same shi ya miƙa wa kwamfuta. Kashi biyu ne. A na farko, siziyom ayodaid ya mai da eksire haske, sannan shimfiɗar silikon ta mai da hasken wutar lantarki. Shi ya fi yawa a fuloroskofi. A na biyu, sinadarin siliniyom ne ke mai da eksire wutar lantarki kai tsaye, don haka hoton ya fi kaifi, abin da ya sa aka fi son sa wajen hoton nono. Daga baya an samu faifan CMOS, mai saurin karatu da ƙarancin gurɓatar hoto ko da an rage haske.

Faifan ba ya karkatar da layi, kuma yana bar wa likita sarari a kusa da gado. Sai dai tsadarsa ta fi, idan ya lalace kuma sauya shi kuɗi ne mai yawa. Shi ya sa har yau tsohuwar kwalbar ke aiki a ɗakunan tiyata da dama, kuma ta wadatar ga aikin karaya.

Ko da wane makarɓi ne, muddin ƙafa na kan feda, haske na shiga jiki. A 1994 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan ƙunar fata da aka samu bayan dogon aiki da na'urar. Na'urorin yanzu suna sakin hasken ɗis-ɗis, hoto 15 ko ƙasa da haka a daƙiƙa, kuma suna riƙe hoton ƙarshe a allo don likita ya nazarce shi ƙafarsa na ɗage. Ma'aikata suna sa rigar dalma da ɗan bajon auna hasken da ya taɓa su, kuma a Nijeriya hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, ce ke sa ido a kan irin waɗannan kayan. Mace kuwa za a tambaye ta ko tana da ciki kafin a fara, kuma akan sa ranar HSG cikin kwanakin farko bayan ta gama al'ada, kafin lokacin fitar ƙwai.