Tafkin Eyasi da mutanen Hadza: abin da ya kamata ka sani

Ina tafkin yake?

Yana arewacin Tanzaniya, kudu maso yammacin tsaunin Ngorongoro. Daga Arusha za ka je garin Karatu, daga nan kuma tafiyar kusan sa'a biyu ce a hanyar ƙasa zuwa Mang'ola, ƙauyen manoman albasa. Ruwan tafkin ba ya shawuwa. Ba shi da mafita, rana ce kawai ke shanye shi, shi ya sa gishiri da kanwa suka yi masa yawa. Da rani sai ya janye ya bar farin fili.

Waɗanne dabbobi za ka gani?

Kada ka sa ran garken zakuna da giwaye, wannan sai Serengeti. Nan wurin tsuntsaye ne. In ruwa ya taru, filamingo na sauka, wato tsuntsu mai dogayen ƙafafu da launin ruwan hoda, tare da kwasakwasa. Akwai birai da ƙananan barewa a dajin da ke kewaye.

Su waye Hadza?

Mutane ne da ke zaune a kewayen tafkin. Ba su wuce mutum 1,300 ba, kuma 'yan ɗaruruwa ne kawai har yanzu ke rayuwa da farauta da tsintar abincin daji, ba noma ba kiwo. Maza na fita da asuba da kwari da baka, dafin kibiyarsu daga itacen kariya suke samo shi. Mata na tono saiwoyi da sanda mai tsini, suna daka 'ya'yan kuka.

Zuma ita ce abar sonsu, kuma a nan abin mamaki yake. Akwai wani ɗan tsuntsu da mafarauci ke yi wa fito, shi kuma ya amsa, ya riƙa tashi daga bishiya zuwa bishiya har ya kai shi inda ƙudan zuma suke. Sai mutumin ya kafa turaku a jikin kuka, ya hau da hayaƙi ya ɗebo.

Maƙwabtansu Datoga makiyaya ne, cikinsu akwai maƙera da ke mayar da tsohuwar ƙusa kan kibiya.

Dole ne ka ci naman da Hadza suka kamo?

A'a. Har biri suna farauta, amma in an miƙo maka, ka yi godiya ka ƙi. Ba wanda zai ji haushi.

Nawa za ka kashe?

Kuɗin mota, ladan jagora mai yi maka tafinta, da kuɗin shiga da ake biya a ƙauye. Ni dai shawarata, ka tambayi jagora nawa ne ke isa hannun Hadza kafin ka biya. Dalili kuwa, gonaki da shanu sun cinye yawancin dajinsu, sai a 2011 suka samu takardar mallakar wani yanki a kwarin Yaeda. Ka nemi izini kafin ɗaukar hoto. Daga Yuni zuwa Oktoba hanya ta fi biyuwa.