Nasiha A Kan Mota Mai Ido Ɗaya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da wuta, ya sanar da shi dabarar tafiya cikin duhu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da fatake na Birnin Katsina da kewayensa, ga wata magana wadda a ke gani ƙarama, alhali kuwa rayuka na rataye da ita. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga bayan sallar lisha, ba zai daɗe ba sai ya ga mota mai ido ɗaya ta wuce, cike da mutane da kaya, ta nufi Kano ko Jibiya. In ka tambayi mai ita, sai ya ce ƙwan ne ya mutu, bai sami sukunin zuwa wurin mai gyara ba. To, abin da mu ke so mu bayyana shi ne, wannan ba uzuri ba ne, gama sake ƙwan fitila aiki ne da mai mota zai iya da hannunsa a ƙofar gidansa, tsakanin la'asar da magariba.

Haɗarin Ido Ɗaya

Ku sani direban da ke tahowa cikin dare ba ya ganin jikin mota, haske kaɗai ya ke gani. In ya ga haske biyu ya san mota ce, ya ba ta hanyar mota. In ya ga ɗaya sai ya zaci babur ne, ya ba shi hanyar babur. Tun ran 2 ga Afrilu 1972, da Nijeriya ta yi canjin hannu, motoci ke bin dama. Saboda haka idon hagu shi ke kusa da tsakiyar titi, kuma in shi ne ya mutu, rabin motar da ke fuskantar mai tahowa na ɓoye cikin duhu. Ba ya ankara sai sun haɗu.

Sa'an nan ku duba wannan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, watau kafin mutum ya ce "Subhanallahi" sau biyu ta yi nisan da ya fi tsawon babban zaure. Amalanken shanu ba shi da fitila, haka jaki, haka mai keke da almajirin da ke tsallaka titi. Hasken motarka kaɗai ke tsakaninsu da ƙarfe. Ga kuma hazon hunturu da ke rage gani, ga halin tsaro da ya sa ba mai son tsayawa a daji da dare. In idon da ya saura ya mutu tsakanin gari da gari, mutum ya shiga tsaka mai wuya: ya tafi a makance, ko ya tsaya inda tsayawa ba ta da kyau.

Hukuncin Al'amarin

Malamai sun san abin da ke cikin Risala ta Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, game da laminci: mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta, a kansu a ke ɗora abin da ta taka. In haka ne ga doki, wanda ke da rai da nasa hali, ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai da hannunka? Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta zartar cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba na lamunce ɓarnar da ya jawo da sakaci. Hukuncin kisan kuskure kuwa yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga dangin mamaci, da kaffara, wadda ga mutanen wannan zamani ita ce azumin wata biyu a jere. Ku auna kuɗin ƙwai ɗaya da wannan nauyi. Ta wajen hukuma kuma, Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana cin tarar mai fitila maras kyau. Amma tarar duniya ita ce mai sauƙi.

Kada kuma girman riga ya hana mutum buɗe bonet. An ruwaito cewa Fiyayyen Halitta, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa da hannunsa mai albarka. Wane alhaji ne ya fi ƙarfin aikin gidansa?

Sanin Irin Ƙwai

Motocin farko da fitilar iskar kabaid su ke tafiya, a kan kunna ta da ashana. Daga baya lantarki ya maye gurbinta. A 1924 aka fito da ƙwai mai zare biyu, ɗaya na hasken nesa, wanda direbobi ke kira ful, ɗaya na kusa, watau dim. A 1962 Turawa suka kawo irin da a ke kira halojin, kuma shi ke cikin mafi yawan motocin da ke yawo a garin nan. A cikinsa akwai siririn zaren ƙarfe wanda ke yin fari fat in wuta ta bi shi. Yau da gobe zaren na sirancewa, girgizar hanya na jijjiga shi, har ya tsinke. Mutuwar ƙwai ke nan.

Kowane ƙwai da lambarsa a gindinsa, da haruffan boko. Wanda aka rubuta wa H4 zare biyu gare shi da ƙafa uku, yana yin ful da dim duka. H7 da H1 kuwa zare ɗaya gare su, kowane da aikinsa. Ƙaramar mota tana amfani da mai 12V, manyan motocin kaya galibi 24V, ba a kuwa musanya su. Wanda bai iya karatun boko ba, kada wannan ya dame shi. Ya cire tsohon ƙwan, ya tafi da shi wurin masu sayar da kayan mota, ya ajiye su kusa da juna, ya duba ƙafafu da gindi da rubutu. Gani ya kori ji.

A nan akwai gargaɗi biyu. Na ɗaya, jabu ya yi yawa, kuma araha ba ta ado. A sayi wanda ke cikin kwalinsa a rufe, a sa mai kanti ya gwada shi da batir. Na biyu, ƙarfin H4 na asali wat 60 ne na ful, 55 na dim. Wasu na sayen mai wat 100 don neman haske, sai zafinsa ya narkar da soket da waya, wani lokaci har gobara ta tashi.

Yadda A Ke Sakewa

A yi aikin da rana. A tsai da mota a daidaitaccen wuri, a ja birkin hannu, a kashe fitila, a zare makulli. In an yi tafiya da fitila a kunne, a jira kamar minti goma, gama ƙwan na ƙona hannu.

A buɗe bonet, a leƙa bayan fitilar da ta mutu. Za a ga soket da wayoyi na shiga cikinsa. A kama jikin soket ɗin a jawo shi baya a hankali, kada a ja ta waya. Bayansa akwai marfin roba mai hana ruwa da ƙura. A cire shi a ajiye. Sa'an nan za a ga wani siririn ƙarfe mai dannewa da ke riƙe da ƙwan. A danna shi da yatsa, a kautar da shi gefe, sai ya saki. A zaro ƙwan a miƙe, a kuma lura da yadda ya ke zaune, don haka sabon zai zauna. A wasu motocin babu wannan ƙarfe, murɗa ƙwan a ke yi hagu kaɗan ya fito.

To, ga inda mutane da yawa ke ɓata aiki: kada yatsa ya taɓa gilashin sabon ƙwai. Maiƙon hannu, ko da ido bai gan shi ba, yana tara zafi wuri guda, ƙwan ya yi baƙi ko ya kumbura, kwanansa ya ragu. A riƙe shi ta gindin ƙarfe, ko da tsumma mai tsabta. In an taɓa, a goge da auduga da sifirit, a bari ya bushe.

A shigar da shi yadda kunnuwansa za su faɗa gurbinsu. Hanya ɗaya tak ya ke zama. In ya ƙi, ba ƙarfi ya ke bukata ba, juyawa ya ke bukata. A mai da ƙarfen dannewa, a mai da marfin roba ya rufu ruf, a cusa soket. A kunna, a gwada dim, a gwada ful. Aiki ya ƙare. Mai hankali ya kan sake biyun tare, gama tare suka tsufa, ya naɗe tsohon mai rai cikin tsumma ya ajiye a mota saboda ko-ta-kwana.

In An Sake Bai Kama Ba

A duba akwatin fis, wanda ke ƙarƙashin bonet ko kusa da sitiyari. Fis wani ɗan abu ne da aka yi don ya ƙone a madadin wayoyin mota in wuta ta yi yawa. In ya tsinke, a sa mai lamba irin tasa. Kada a ɗaure shi da waya ko takardar taba, gama wanda ya yi haka ya sallami mai gadi ne ya kwanta. In kuwa idanu biyu suka mutu lokaci guda, da wuya laifin ƙwai ne. Haka nan in ƙwai na yawan mutuwa, ko cajin mota ya yi yawa, ko ruwa na shiga fitilar, ko mazauninta na rawa. Wannan aikin mai wayarin ne, a kai masa.

Akwai kuma fitilar da ba a taɓawa, watau zenon, mai farin haske da shuɗi-shuɗi, wadda ta fara fitowa a 1991. Wutar da ke tayar da ita ta wuce volt dubu ashirin. Sababbin motoci masu LED kuwa, da yawansu ba su da ƙwan da a ke cirewa. Sanin iyakar abin da mutum ya iya, shi ma ilimi ne.

Haƙƙin Mai Tahowa

Haske ba naka kaɗai ba ne, yana shiga idon ɗan'uwanka. Bayan an sake ƙwai, a jira dare, a fuskantar da mota ga bango daga nisan mita 10. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa da igiya, a sa alamar wannan tsayi a bango da gawayi. In an kunna dim, bakin hasken ya kamata ya tsaya ƙasa da alamar da kamar faɗin tafin hannu. In ya haura, akwai noti a jikin fitila na sunkuyar da ita. Fatake su lura ƙwarai: in aka labta buhuna a bayan mota, baya na zaunawa, gaba na ɗagawa, sai dim ya koma kamar ful. Wasu motocin na da wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai lamba 0 zuwa 3 don gyara wannan.

Masu cusa ƙwan LED cikin fitilar da aka ƙera don halojin kuma su ji tsoron Allah, gama sau da yawa hasken na warwatsewa ya kashe idon mai tahowa. Wanda ya makantar da direba ya faɗa rami, yana da kaso cikin alhakin. A sunkuyar da haske in an ga mota, haka in an shiga gari. Cikin hazo ma dim ya fi, don ful na bugun ƙura ya dawo idon mai shi.

Muna roƙon limamai da malaman zaure su tunatar da jama'a wannan. Mai mota ya kewaye motarsa kafin magariba, ya sa yaro ya tsaya gabanta ya faɗa masa ko idanu biyu na ci. Rigakafi ya fi magani, kuma tawakkali na biyo bayan ɗaure raƙumi ne. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya mai da su ga iyalansu lafiya, ya tsare hannuwanmu daga alhakin rai. Amin.

Haza wassalamu.