Mallakar gida a Samaru: tsakanin takardar mai unguwa da ta gwamna

A Samaru, wadda ke kan hanyar Sakkwato kimanin kilomita 15 daga tsohon birnin Zariya, akasarin masu gidaje sun gina su ne da kuɗin aljihunsu, kaɗan-kaɗan, cikin shekaru masu yawa.

To sai dai da yawa daga cikin waɗannan gidaje ba su da takardar da dokar ƙasa ta amince da ita a matsayin shaidar mallaka. Abin da ke hannun masu su shi ne takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun mai sayarwa da shaidu da kuma mai unguwa.

Wannan giɓi tsakanin gina gida da mallakarsa a idon doka shi ne ke yanke hukunci a kan ko mutum zai iya samun rance da gidansa, ko za a biya shi diyya idan rusau ya zo, da kuma abin da magadansa za su tarar bayan ransa.

Yadda garin ya kafu

Samaru ba ta cikin tsofaffin unguwannin Zazzau. Birni yana da ganuwarsa da gidajen gado tun ƙarnuka da dama. Sabon Gari kuma ya taso ne bayan isowar jirgin ƙasa a shekarar 1911, inda ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna.

Ita kuwa Samaru ilimi ne ya kafa ta. A shekarar 1922 Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar binciken aikin gona a wurin, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR. A shekarun 1950 aka kafa reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, kuma a harabarta ne Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a watan Oktoban 1962.

Jami'ar ta gina wa manyan ma'aikatanta gidaje a cikin harabarta. Masinjoji da direbobi da leburori da masu dafa abinci da 'yan tireda sai suka riƙa zama a tsallaken titi, a gonakin da suka saya ko aka ba su aro.

Daga baya wasu cibiyoyin suka ƙaru a kewaye, kamar Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a 1964, da cibiyar binciken fatu da ƙiraga, da kuma Asibitin Koyarwa na jami'ar da ke Shika. Da haka gine-gine suka bazu zuwa Hayin Dogo da Bomo da Zango da Palladan da Hanwa.

A ƙidayar jama'a ta 2006, ƙaramar hukumar Sabon Gari, wadda Samaru ke cikinta, tana da mutane wajen 290,000.

Jami'a ce kasuwar gari

Rayuwar yau da kullum a Samaru tana bin kalandar jami'a ne. Idan ɗalibai na nan, masu sayar da abinci da masu shagunan kwafin takardu da teloli da direbobin bas masu zuwa Kwangila da Sabon Gari duk suna samun ciniki. Idan aka rufe makaranta, garin yakan yi tsit.

An ga haka ƙarara a lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na watanni tara a 2020, da kuma na watanni takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Masu gidajen haya da suka dogara da ɗalibai sun shafe watanni ɗakunansu na kulle, ma'aikatan da aka riƙe wa albashi kuma suka dakatar da gine-ginensu.

Ruwa na daga cikin abubuwan da kowane magidanci ke lissafawa. An kammala sabuwar matatar ruwa ta Zariya mai tace lita miliyan 150 a rana a shekarar 2017, amma gidaje da dama, musamman a sababbin unguwanni, da rijiya ko burtsatse ko 'yan ga-ruwa suke dogaro.

Haka abin yake game da wutar lantarki da hanya da lambatu. A sabuwar unguwa, mazauna ne sukan haɗa kuɗi su sayi turakun wuta, su zuba marmara a layi, su yi kwalbati, su kuma biya 'yan sintiri. Saboda haka kuɗin mallakar gida bai tsaya a kan fili da gini ba.

Daga haya zuwa gidan kai

Mafi yawan mazauna Samaru da haya suke farawa. Akwai gidaje masu ɗakuna jere da ake haɗa tsakar gida da banɗaki, akwai ciki da falo na ƙananan iyalai, akwai kuma ɗakunan ɗalibai masu banɗaki da kicin a ciki, waɗanda suka yawaita saboda ɗakunan kwanan jami'a ba sa isar ɗalibanta.

A bisa al'ada ana biyan kuɗin hayar shekara guda ne gaba ɗaya, ban da la'adar dillali.

Ma'aikacin da ya samu kwatas a cikin jami'a yana zaune cikin sauƙi, amma na ɗan lokaci ne. A ƙarƙashin dokar da aka sanya wa hannu a 2012, farfesa yana ritaya yana da shekara 70, sauran ma'aikata kuma 65, daga nan sai a miƙa makulli.

Wannan ne ya sa sayen fuloti ya zama babban burin ma'aikaci tun yana tsakiyar aiki. Wanda bai yi gini ba kafin ritaya, yakan wayi gari yana neman haya da kuɗin fansho, ga iyali masu yawa.

Yadda ake gini

Yawanci ana farawa ne da gona. Mai gona ko magadansa su kira masu awo a yanka ta fuloti-fuloti, galibi ƙafa 50 a ƙafa 100, dillalai su nemo masu saye. A rubuta takarda a gaban shaidu, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu.

Mai saye yakan fara da kewaye filin ko ya zuba harsashi, domin filin da aka bari fayau shi ne aka fi sayar wa mutum biyu. Daga nan sai a tara bulo, a kai gini linta, a dakata har a samu kuɗin katako da kwano.

Iyalai da dama sukan tare da zarar an rufa ɗaki biyu an sa ƙofa da taga, sauran aikin kuma a ci gaba da shi suna ciki. Wasu kuma sukan fitar da shago ko ɗakunan haya a gaban gida, domin kuɗin hayar ya ƙarasa ginin.

Kuɗin yana fitowa ne daga adashi, da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata masu ba da rance ana cirewa daga albashi, da sayar da amfanin gona ko dabbobi, da kuma garatuti.

Amfanin wannan hanya shi ne mutum ba ya ɗaukar bashin da ya fi ƙarfinsa. Illarta kuma ita ce tsadar kaya tana riskar ginin a hanya. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne.

Me ya sa ba a zuwa banki?

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila, mai albashi yakan sayi gida ne da rancen banki, ya biya cikin shekara 25 ko 30. Najeriya ma tana da irin wannan tsari a takarda.

Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikata, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance daga ciki a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, har tsawon shekara 30. A bankunan kasuwanci kuwa kuɗin ruwan yakan haura kashi 20.

Ga Musulmi da dama, kuɗin ruwa komai ƙanƙantarsa riba ce, don haka ba sa kusantar wannan rance. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin da banki zai sayi gida ya ba mutum haya har ya gama biya ya mallake shi.

Sai dai kowane irin banki ne, abin da yake fara nema shi ne takardar mallaka mai rajista. Takardar mai unguwa ba ta wadatar da shi.

Abin da doka ta ce

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna, ya riƙe su amana a madadin jama'a. A Arewa wannan ba sabon abu ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da dokar Jihar Arewa ta 1962 duk sun ɗora filaye a hannun hukuma.

Ma'anar haka ita ce abin da mutum ke mallaka haƙƙin zama ne a kan fili, galibi na shekara 99 idan na gidan zama ne. A yankunan da aka ayyana a matsayin birane, gwamna ne ke bayar da wannan haƙƙi, shi ne kuma ke sa hannu a takardar da aka fi sani da C of O.

Dokar ta amince da haƙƙin waɗanda ke riƙe da filayensu tun kafin 1978. Amma ta ce ba a sayar da haƙƙin zama ko a jinginar da shi sai da amincewar hukuma. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa wannan sharaɗi ya hau kan masu tsofaffin filayen birane ma.

Takardar mai unguwa tana da amfaninta. Tana nuna cewa an yi ciniki an biya kuɗi, kuma masu unguwanni sun fi kowa sanin tarihin gonaki da iyakokinsu. Abin da ba za ta iya nunawa ba shi ne ko gwamnati ta riga ta karɓi filin ta ba wata makaranta ko cibiya shekaru da dama da suka wuce.

A yanki irin Samaru, inda jami'a da cibiyoyin bincike da filin jirgin sama da barikin soja na Basawa ke da manyan filaye, wannan haɗari ne na zahiri.

Rusau a Zariya

A shekarar 2015 gwamnatin jihar Kaduna ta rushe gidaje a kewayen Kwalejin Alhudahuda da ke cikin birnin Zariya, tana mai cewa an gina su ne a filin makaranta.

A watan Oktoban 2021 kuma hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA, ta rushe gidaje fiye da 100 a unguwar Graceland, bisa hujjar cewa filin na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ne. Mazauna unguwar sun musanta hakan, suna cewa suna da takardu kuma maganar ta je kotu.

Ko da a inda gwamnati ta karɓi fili bisa ƙa'ida domin amfanin jama'a, dokar 1978 ta tanadi diyya ne a kan gini da amfanin gona, ba a kan darajar filin a kasuwa ba. Wanda aka ɗauka a matsayin mai kutse kuwa, hukuma ba ta ganin yana bin ta komai.

Batun gado

Matsalar takarda takan sake tasowa idan mai gida ya rasu. A shari'ar Musulunci gida yana shiga cikin dukiyar da za a raba, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya. Matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan akwai 'ya'ya, ɗa namiji kuma yana da rabon mata biyu.

Gidan da aka gina a fuloti ɗaya ba ya rabuwa cikin sauƙi tsakanin magada goma. Don haka ko dai a yi masa kuɗi wasu su biya sauran, ko a sayar a raba. A mazhabar Malikiyya, idan wani magaji ya sayar da rabonsa ga bare kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, wato su mayar wa mai sayen kuɗinsa su karɓi rabon.

Idan babu rubutacciyar shaida, gudunmawar da mata ke bayarwa wajen gini, ta hanyar sayar da gwal ko kuɗin adashi ko gadonsu, takan narke a cikin dukiyar miji. Rubuta ko bashi ne ko kyauta ko tarayya tun ana raye yana rage irin ƙararrakin da ke zuwa gaban alƙalai.

Ƙoƙarin gyara

A shekarar 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ma tsohon ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ne, ya kafa kwamitin gyaran tsarin filaye a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje. Amma gyara dokar ta 1978 yana da wuya, saboda an saka ta a cikin kundin tsarin mulki.

A jihar Kaduna, dokar 2015 ta kafa hukumar KADGIS, wadda ta karɓi aikin rajistar filaye, ta mayar da bayanansu cikin kwamfuta, ta kuma buƙaci masu tsofaffin takardu su sabunta su.

Mai niyyar sayen fili yana iya neman a bincika masa matsayinsa a hukumar kafin ya biya kuɗi, sannan ya nemi izinin gini daga KASUPDA kafin ya zuba harsashi.

Abin da ke hana mutane da yawa yin haka shi ne kuɗin awo da na rajista, da zirga-zirgar ofisoshi, da kuma fargabar cewa rajista za ta jawo harajin fili na shekara-shekara. Ga mai tara kuɗin kwano, takarda takan zama abin da za a yi daga baya.

Sai dai yayin da gonakin da ke tsakanin Samaru da Shika da Basawa ke ƙara komawa fulotai, darajar fili na hauhawa, masu da'awa a kansa kuma na ƙaruwa. Gidan da ba a yi wa rajista ba a zamanin wanda ya gina shi, magadansa ne za su nemi shaidun cinikin, a lokacin da wataƙila mai sayarwar da mai unguwar da suka sa hannu duk sun rasu.