'Yan Mazan Jiya da 'Yan Neman Sauyi: Shin Duk Kanwar Ja Ce?

Gabatarwa

A majalisun shayi na Umarari, da zarar an taɓo zancen jam'iyyu sai wani ya ce, "Ai duk kanwar ja ce." Wannan maƙala za ta duba gaskiyar wannan magana ta fuskar siyasar Borno da ta Nijeriya baki ɗaya.

Ma'anar Kalmomin

'Yan mazan jiya, ko 'yan ra'ayin riƙau, su ne masu son a riƙe tsarin da aka gada, a sauya shi sannu a hankali. 'Yan neman sauyi kuwa so suke a gaggauta gyara shi domin talaka ya sami 'yanci.

Jiya

Kafin samun mulkin kai, bambancin a fili yake. NPC ta jingina da sarakuna da hukumomin En'e. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta tsaya kan rage ikonsu. A Borno, Ibrahim Imam ya bar muƙamin babban sakataren NPC a 1954, ya jagoranci BYM, wadda ta ƙulla ƙawance da NEPU. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talaka ya ga aƙida a aljihunsa. A 1980 kuma gwamnatin NPN ta tasa ƙeyar Shugaba Darman na GNPP, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, zuwa Cadi, har sai da kotu ta tabbatar ɗan Nijeriya ne.

Yau

Yanzu sauya sheƙa ta dusashe wannan iyaka. Ali Modu Sheriff ya mulki Borno a ANPP daga 2003 zuwa 2011, ya shiga APC, ya shugabanci PDP a 2016, sannan ya koma APC a 2018. Manufofi ma haka suke. A 2012 'yan adawa sun yaƙi cire tallafin man fetur, amma a zaɓen 2023 Tinubu da Atiku da Obi duk sun yi alkawarin cire shi, Tinubu kuwa ya cire ranar da aka rantsar da shi.

Kammalawa

Ke nan ra'ayoyin biyu sun bambanta, jam'iyyunmu ne suka daina bambanta a kansu. Darasi ga ɗalibin harshe shi ne suna linzami ne, amma a siyasa yakan rabu da ma'anarsa. Idan ɗan takara ya kira kansa ɗan neman sauyi, a tambaye shi abin da zai sauya, da kuma wanda zai ɗauki nauyin sauyin.